Kafin ka sayi shinkafar ɓera, ka leƙa bayan gari

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar kyanwa zan yi, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A garuruwanmu na yankin Ringim da Taura, da zarar kaka ta wuce an cika rumbuna, babu gidan da ba a kukan ɓera. Amma a daidai lokacin ne za ka ga an aiki yaro da buhu, an ce ya je bayan gari, ko ya bi motar Gujungu ranar Lahadi, ya zazzage 'ya'yan kyanwa ya dawo, wai sun yi yawa. Wasu ko ido ba su gama buɗewa ba. Maigidan da ya sa aka yar da su kuma shi ne zai sayo shinkafar ɓera ya barbaɗa a gidan da yara ke rarrafe, kaji na kiwo.

A ƙasashen Turai akwai gidajen da ake tara dabbobin da ba su da mai su. Na Battersea da ke Landan tun 1860 aka kafa shi saboda karnuka, a 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. Ana duba lafiyarsu, a yi musu rigakafi, mai so ya zo a tambaye shi yanayin gidansa kafin a ba shi. Mu a ƙauye ba mu da wannan. Namu suna kan bola, da kangon gida, da bayan rumfar mahauta. Duk mai son kyanwa, can ya kamata ya fara dubawa. Ina ganin matasa a Facebook suna tallar kyanwoyin ƙasar waje masu dogon gashi a kan kuɗin da zai sayi akuya, alhali dabbar wahala kawai za ta sha a zafin bazararmu. Ta gida kuwa ta saba da ranar, ta san ɓeran, kuma kyauta ce.

Manomi ya san ɓarnar ɓera ba a cikinsa kaɗai take ba. Abin da yake lalatawa da fitsari da kashi ya fi wanda yake ci. Ka sayi buhun wake mai leda a ciki, ka ɗaure tam don kada iska ta shiga, ɓera ya yi masa huda ɗaya, shi ke nan ƙwari sun samu numfashi, wahalar damina ta tafi. Ga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi tsananta. Ban ce kyanwa rigakafi ba ce. Rufe abinci da share ɗaki suna nan daram, kuma ɓeran da ta kashe kada a ɗauka da hannu tsirara. Amma gidan da kyanwa ke kwana, ɓera ba ya sakewa a cikinsa.

Sai maganar lada, wadda ta fi komai nauyi a wurina. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Wanda ya ɗaure jarirai a buhu ya jefar, ya tambayi kansa nisan da ke tsakaninsa da wannan mata. A hadisin Abu Ƙatada da Imam Malik ya kawo, Manzon Allah (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Daga ina muka samo cewa baƙar kyanwa mayya ce, har yara su bi ta da jifa manya na kallo? Camfi ne, kuma baƙaƙen su suka fi wulaƙanta saboda shi.

Akwai wani amfanin da ba a faɗa. Gwaggona tana zaune kusan ita kaɗai idan 'ya'yanta sun tafi cirani. Jikanta ya tsinto mata wata ramammiya a bakin kwata, da ƙyar ta yarda aka bar ta. Yanzu in na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, zauna a hankali, mutuniyar tana kan tabarma." Da ita take hira, saboda ita take dama fura ko ba ta jin yunwa. Tsohon da ke da abin kulawa ya fi walwala, wannan da idona na gani.

Na san masu kiwon kaji da tantabaru za su ce, 'yan tsakinmu fa? Gaskiyarku. Amma yawanci muzurun da ke yawo da yunwa ne ke wannan ɓarna. Wadda ta tashi cikin kaji tun tana ƙarama, tana ƙoshi, ba kasafai take taɓa su ba. Duk da haka a kife 'yan tsaki da dare. Kada kuma a hana ta abinci wai don ta yi farauta, ƙoshi ba ya hana ta kama ɓera.

In ka ɗauko, ka ajiye mata ruwa mai tsabta da yashi a lungu. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Albasa da tafarnuwa suna cutar da su, farasitamol kuwa kashe kyanwa yake yi, kada a ba ta ko ɓalli. A kai ta wurin malamin dabbobi a yi mata allurar ciwon haukan kare da maganin tsutsa, mai juna biyu kuma kada ta kwashe kashinta.

Ku kuma da kyanwarku ta haihu, don Allah ku bar 'ya'yan su sha nono har wata biyu, sannan ku yi cigiya. Mai injin niƙa yana so, mai shagon hatsi yana so, matan aure masu ajiyar gyaɗa suna so. Ku faɗa a majalisa bayan sallar isha, ko ku saka hotonsu a zauren WhatsApp na gari.