Nauyi kaɗai ba ya wadatarwa

Wasu na ɗauka cewa in za a bar na'urar naɗar sauti a ƙasan teku na watanni, sai a ɗaura mata sarƙa da ƙarfe mai nauyi a jefa, shi ke nan. Ina! Sarƙar ma ita ce matsalar. Ruwa na motsa ta, ƙarfe na gogar ƙarfe, na'urar kuwa ta yi ta naɗar wannan ƙara har ta danne kukan dabbobin teku. Shi ya sa ake lulluɓe mahaɗan da roba. Igiya ma, in ruwa na gudu, rawa take yi kamar tsirkiya.

Ranar ɗaukowa, jirgi ne ke aika sauti na musamman, makullin da ke haɗa na'urar da nauyin ya ji sautin ya saki nauyin, na'urar ta taso.