Ba wayon mai kisa ne ke ba shi tsawon kwana ba

Masu karanta littattafan ban tsoro kan masu kisan ɗauki-ɗaiɗai sukan ɗauka cewa mai kisan shu'umi ne mai kaifin basira, sai gwanin ɗan sanda ke iya kama shi, wanda ya kuɓuta kuwa sa'a kawai ya yi. Wannan fahimta tana damuna, domin tana danne haƙƙin waɗanda suka tsira.

A Yulin 1991, a birnin Milwaukee na Amurka, wani mutum ya gudo daga ɗakin Jeffrey Dahmer, wani mai kisan ɗauki-ɗaiɗai, da ankwa tana lilo a hannunsa ɗaya, ya tsayar da 'yan sanda a titi. A daren nan asirin Dahmer ya tonu. Wata biyu kafin haka, 'yan sanda da kansu suka mayar masa da wani yaro ɗan shekara 14 da ya gudo, Dahmer kuma ya kashe shi. Sakaci ne ya rufa masa asiri.

Haka Ted Bundy, wani mai irin wannan kisa a Amurka: budurwar da ta ƙwace daga motarsa a jihar Utah a 1974, shaidarta ce ta sa aka ɗaure shi a 1976.