Ranar da na yi lauya a Maraɗi

Biki ne ya kai ni Maraɗi, na ɗauki Sale abokina a mota don ya rantse mini yana jin Faransanci. Hujjarsa kuwa, ya taɓa sayar da atamfa wata uku a Kwatano. Muka bi ta Katsina, muka ƙetare iyaka a Jibiya, muka wuce Ɗan Isa lafiya lau.

Muna shiga gari na ga wani allo ja mai farin layi a kwance. Na ce Sale me wannan ke nufi? Ya ce tallar kamfanin waya ce. Na kutsa kai. Ban yi taku ashirin ba na ji usur, fiiit!

Ɗan sandan ya zo ya tsaya a gefen taga. Kafin in buɗe baki Sale ya daka masa "Bonjur!" da ƙarfi, har da sara masa. Shi ke nan, mutumin ya ɓalle da Faransanci kamar an kunna rediyo. Ya nemi farmi, ya nemi kart giriz, na miƙa masa duk takardun da ke motar, har da katin gayyatar biki. Ya dubi Sale ya yi wata tambaya, na tsinci kalmar "aboka" a ciki. Na yi wuf na ce, "Ƙwarai, abokina ne!" Ashe lauya suke kira haka. Wai kuma sunan fiya ke nan a bakinsu, ka ji yare.

Lauyana ya gyara hula ya kama aiki. Duk abin da aka faɗa sai ya ce "wi", wato e. Daga baya na gano abin da ya amsa da yawuna: na ga allon, wi, na san hanyar ba a shiga ta nan, wi, da gangan na yi, wi. Sau ɗaya ya canza, ya ce "marsi", wato na gode, daidai lokacin da ake rubuta mini tara.

Da ɗan sandan ya gaji, sai ya juyo gare ni da Hausa tatacciya, irin ta Katsinawa: "Alhaji, dala dubu za ka biya."

Gumi ya keto mini. Dalar Amurka dubu! Na fara lissafin ko nawa motar za ta yi in an sa ta a kasuwa. Wani mai shayi da ke kallonmu tun ɗazu ya tausaya, ya ce a nan dala ɗaya sefa 5 ce, dala dubu jaka biyar ke nan, sefa 5,000. Na biya hannuna na rawa, aka ba ni rasit.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kana jin Hausa haka ka bar mu muna ta wahala?"

Ya ce, "Ai da sallama kuka yi mini da na amsa. Bonjur kuka ce."

Sale kuwa har muka iso Jibiya yana tambayata kuɗin aikinsa.