Ba kowane santin 1943 ne dukiya ba

Da yawa sun ɗauka duk wanda ya tsinci tsabar santi ɗaya na Amurka (ɗaya bisa ɗari na dala) mai shekarar 1943 ya warke. Ba haka ba ne. A shekarar, yaƙin duniya na biyu ya lashe jan ƙarfen da aka saba buga santin da shi, sai aka buga santin da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, sama da biliyan ɗaya. Waɗannan araha ne. Masu tsadar 'yan ƙalilan ne da aka buga bisa kuskure a kan ragowar tagullar 1942. A 2010 an sayar da ɗaya dala miliyan 1.7. Ka kara maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne, ko da an shafe shi da ja. Na tagulla giram 3.11 ne. A kuma duba lambar shekarar da kyau, domin 'yan damfara kan kankare 8 ɗin 1948 ya koma 3.