Daren da na fara ganin Pink Floyd

Wallahi labarin rushe Earls Court, babban zauren taro da wasanni na Landan, ya sosa min rai. A nan na fara kallon Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, watan Oktoba 1994 ina ɗalibi a Landan, abokina ne ya ja ni ban ma san su ba. Da David Gilmour, makaɗin jitarsu, ya saki jitar nan ga fitilu na wasa jikin ƙaton allon nan mai da'ira sai da tsigar jikina ta tashi, waƙa ɗaya ta haura minti goma kuma baka so ta ƙare. Da faifansu mai suna Pulse ya fito a 1995 mai 'yar jar fitila tana ƙyaftawa, da kuɗin abincina na saye shi, har yau yana ɗakina batirin ne kawai ya mutu.