Bazawara a gaban alƙali

Na sha jin maza suna cewa kotu tana tausaya wa mata, wai da zarar mace ta zubar da hawaye sai alƙali ya sassauta mata. A ganina tausayin nan zaɓe yake yi, domin yana sauka ne a kan macen da ta dace da siffar da al'umma ta yarda da ita, wato mai kunya, mai sunkuyar da kai, wadda take ƙarƙashin miji ko uba. Bazawara kuwa, tun kafin ta buɗe baki a kotu, an riga an gama yi mata shari'a a zaure da bakin kasuwa.

Mu tuna da Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta jihar Sakkwato ta yanke wa hukuncin jifa a 2001, da Amina Lawal wadda kotun Bakori ta jihar Katsina ta yanke wa irinsa a 2002. Dukansu zawarawa ne na ƙauye, kuma cikin da suka ɗauka shi ya zama hujja a kansu. Mazan da suka ambata sun musanta, ba a sami shaidu huɗu ba, aka sallame su suka koma gida.

Abin da aka fi mantawa, saboda hayaniyar da aka yi ta yi daga Turai da Amurka a lokacin, shi ne hujjojin da suka kuɓutar da Amina daga fiƙihun Malikiyya da dokar jihar kanta suka fito. A watan Satumba na 2003, alƙalai huɗu cikin biyar na kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ke Katsina suka karɓi batun kwantaccen ciki, wanda ya ba da damar jingina cikin sakakkiya ga tsohon mijinta har tsawon shekara biyar, suka tabbatar cewa wanda ya yi iƙirari yana da ikon janye shi, suka kuma lura cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a shari'ar farko alhali doka ta ce su zama uku.

Waɗannan hukunce-hukunce duk suna nan a rubuce ranar da Amina ta fara tsayawa a Bakori, ba ta da lauya, tana goye da jaririya. Babu wanda ya buɗe mata littafin a ranar, saboda kowa yana ganin ya riga ya san halin bazawara.