Facin da ba ya girma tare da jariri

A cikin kimanin haihuwa 3,000 akan samu jariri guda mai ɓula a shamakin tsokar da ya raba ƙirji da ciki. Ta wannan ɓular, wadda galibi a hagu take, hanji da tumbi, wani lokaci har da hanta, kan haura ƙirji tun kafin haihuwa, su danne huhu su hana shi cika girma. Ƙanƙantar huhun da hawan jinin jijiyoyinsa su ne barazanar farko, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar tiyata sai numfashi ya daidaita. Amma yaron da ya tsallake wannan, abin da aka toshe ɓular da shi zai bi shi shekara da shekaru.

Ƙaramar ɓula ɗinke ta ake yi. Babba kuwa sai da faci, kuma wanda aka fi sani shi ne Gore-Tex, wata roba mai ƙarfi da ba ta narkewa, wadda jiki kan haƙura da ita. Aibinta ɗaya, ba ta girma. Ƙirjin yaro na faɗaɗa, ɗinkin na ɗamewa, har ɓular ta sake buɗewa, a wasu yaran ma ƙirji kan lotsa ko ƙashin baya ya karkace. Akwai kuma facin da ake haɗawa daga jikin dabba, kamar Surgisis na tantanin hanjin alade da Permacol na fatarsa, da nufin naman yaron ya tsiro cikinsa ya maye gurbinsa, sai dai idan facin ya saki kafin naman ya yi ƙwari, an koma gidan jiya. Batun alade kuwa, malamai suna da bayani kan larura, amma haƙƙin iyaye ne a sanar da su kafin tiyata, su tambayi malaminsu da kansu.

A ganina, hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce a ɗauko shimfiɗar tsoka daga bangon cikin jaririn, da jijiyoyin jininta, a juya ta a rufe ɓular. Naman yaron ne, jikinsa ba zai ƙi shi ba, tare za su girma, kuma ba da dala ake sayo shi ba. Gefen cikin kan ɗan turo waje bayan aikin, kuma aikin na son ƙwararren hannu. Duk da haka, iyalin da suka taho daga Ningi ko Nafada ba su da halin zarya zuwa asibitin koyarwa na Bauchi ko na Gombe don bibiyar faci, balle tiyata ta biyu. Kuɗin horar da likitocin tiyatar yara a kan wannan dabara ya fi na odar roba amfani.

Inda kuma faci ya zama dole, a rubuta sunansa a katin yaron, a kuma gaya wa uwa cewa amai mai yawa ko numfashi sama-sama, ko da bayan shekaru ne, dalili ne na komawa asibiti a ranar.